Yadda ake shirya fitar rukuni don kallon tsuntsaye a kwaruruka da tuddan Angus

Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, tuddan Sukotland da suka kwashe watanni shiru cikin ƙanƙara sukan cika da kukan tsuntsaye. Waɗanda suka yi hunturu a bakin teku sun hauro, waɗanda suka tafi Afirka sun dawo, kowa na neman abokin zama da wurin sheƙa. Duk Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Dundee ko Aberdeen ko Edinburgh, bai kamata ya bar wannan lokaci ya wuce shi yana ɗaki ba, domin tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ce kawai a mota tsakaninsa da kwarurukan Angus, wani yanki a gabashin Sukotland. Guda biyar ne: Isla, Prosen, Clova, Lethnot da Esk, kuma saman yawancinsu ya shiga cikin gandun ƙasa na Cairngorms, wanda aka kafa a 2003, mafi girma a duk Birtaniya. Bayanin da ke tafe na wanda zai jagoranci mutane ne, ko da abokai shida ne a mota biyu. Nauyin da ke kansa shi ne jama'a su ga tsuntsaye su ƙoshi, su dawo lafiya, kuma kada ko uwa ɗaya ta bar ƙwanta saboda su.

Zaɓen rana da wuri

Fara da kalanda. Idan ka fita a farkon Afrilu, da yawa daga baƙin Afirka ba su iso ba, kuma ƙanƙara na iya tare ka a hanya. Idan ka bari sai Yuni, ganye ya rufe bishiyoyi, mazan sun rage waƙa, ga kuma ƙananan ƙwarin nan masu cizo da suka addabi tuddan Sukotland sun fara fitowa. Makonni biyu na farkon Mayu su ne tsakiyar abin. Sa rana biyu, ta ainihi da ta ko-ta-kwana, ka gaya wa mutane tun farko cewa iska ce za ta yanke hukunci. Yayyafi ba ya hana kallon tsuntsaye. Iska mai ƙarfi kuwa tana kwantar da su cikin ciyawa, tana hana ka jin kukansu, ba abin da za ka samu sai hawaye a ido.

Ga rukunin da bai saba ba, Glen Esk na fi so. Shi ne mafi tsawo kuma mafi gabas a cikin biyar ɗin. Ana shiga ta garin Edzell, a bi ƙaramar hanya kusan mil 15, a wuce ƙauyen Tarfside, har inda kwalta ta ƙare a Invermark, inda akwai wurin ajiye motoci. Dalilin da ya sa na fifita shi: a tafiya guda za ka ratsa gonakin kiwo, da kurmin bishiyoyi masu farin ɓawo, da bakin kogi, da tabki, da buɗaɗɗen tudu, da duwatsu masu tsini, kuma kowanne da tsuntsayensa. Daga Invermark hanya ta rabu biyu, duka masu faɗi ne, ba hawa mai wuya. Ɗaya ta bi ta kangon tsohuwar hasumiyar Invermark zuwa tabkin Loch Lee. Ɗayar ta shiga Glen Mark zuwa rijiyar da aka yi wa ginin dutse don tunawa da tsayawar Sarauniya Biktoriya a 1861, zuwa da dawowa kamar kilomita takwas. Wanda ya fi ƙarfin ƙafa yana iya zaɓar Glen Clova ta garin Kirriemuir, ya ajiye mota a Glen Doll, ya hau zuwa Corrie Fee. Amma kada ka haɗa kwari biyu a rana ɗaya. Rabin ranar zai ƙare a mota.

In da hali, je ka duba wurin kai kaɗai mako guda kafin ranar. Ka ga inda za a iya tsayawa da mota ba tare da an tare hanya ba, inda waya ke ɗaukewa, da inda aka kafa sanarwar haihuwar tumaki ko aikin daji.

Mutum nawa, kuma wa zai riƙe me

Takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Da sun wuce haka, na gaba zai ga tsuntsu, kafin na baya ya iso ya tashi, sai gunaguni. Rage motoci gwargwadon iko, domin hanyoyin kwarin ƙanana ne, wasu wuraren mota ɗaya suke ɗauka, an yi musu ɗan faɗi jefi-jefi don kaucewa. Waɗannan wuraren kaucewa ba na fakin ba ne. Manomi da taraktarsa da motar asibiti duk da su suka dogara.

Raba aiki uku. Kai ne a gaba, ba wanda zai wuce ka. Sa mutum mai haƙuri a baya, ba wanda zai bari a bayansa. Na uku ya riƙe littafi da biro, yana rubuta kowane tsuntsu da wuri da lokaci da adadi. Tun kafin ranar ka tambayi kowa a keɓe ko yana da asma, ciwon suga, ciwon gwiwa ko wani abin da ya kamata ka sani, ka karɓi lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ka bar wa wani a gari bayanin inda za ku da lokacin da ake sa ran dawowarku. Idan babu gwani ko ɗaya a cikinku, tuntuɓi reshen ƙungiyar masana tsuntsaye ta Sukotland, SOC, wadda aka kafa a 1936, ko rukunin ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB na garinku. Suna shirya irin wannan fita, suna maraba da baƙi, kuma fita ɗaya tare da su za ta koya maka abin da littafi ba zai koya maka a shekara ba.

Kaya

A nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, saboda rana tana yaudara. A gari za ka ga haske ka ɗauka ɗumi ne. A tudu kuwa, duk hawan mita 100 zafi yana raguwa da fiye da rabin digiri, ga iska ba abin da ke tare ta, kuma mai kallon tsuntsaye a tsaye yake yawancin lokaci, jiki ba ya ɗaukar zafi. Ka rubuta wa kowa a saƙo, kada ka ɗauka sun sani: riga uku a jere, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai kauri, ta waje mai hana ruwa da iska. Ban da wandon jins, don idan ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya riƙa zuƙe ɗumin jiki. Takalmin tafiya mai rufe idon sawu, safa mai kauri, safar hannu, hular sanyi. 'Yan'uwa mata su sa wando mai hana ruwa a ƙarƙashi, su zaɓi hijabin da iska ba za ta riƙa kaɗawa ba, a cusa shi cikin rigar sama. Launi ya zama mai duhu, kore ko ruwan ƙasa ko toka. Fari da ja a bar su a gida. Haka rigar leda mai ƙara idan an motsa.

Madubin hangen nesa, wanda aka rubuta wa 8x42 ya fi dacewa da kowa: ba ya da nauyi sosai, yana da haske da safe, kuma hannu ba ya sa shi rawa. Kada kowa ya yi gaggawar saye. A ara, a yi karɓa-karɓa. Babban madubi mai ƙafa uku guda ɗaya ya ishi rukuni, kuma shi ne zai raba gardama idan wani ɗigo ya bayyana a kan tsauni. Ɗauki taswirar takarda ta Ordnance Survey da kamfas, don sabis yana ɓacewa a saman kwarin. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane kuka, amma a sauke bayanan Birtaniya a waya tun a gida. Sai fulas na shayi, ruwan sha, abincin rana, dabino ko gyaɗa na aljihu, akwatin taimakon gaggawa, ɗan ƙarfen cire kaska, da jakar kwashe shara. Babu shago a saman kwarin, kuma a zaga banɗaki a Edzell kafin a shiga.

Da yamma kafin ranar, duba hasashen yanayi na tsaunuka, na MWIS ko na Met Office, ba na gari ba. Idan an ce iska mai ƙarfi ko hazo mai rufe tudu, ɗage. Ba kunya a ciki.

Fitar asuba

A farkon Mayu rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Asuba tana shiga da wuri ƙwarai, saboda haka a yi salla a gida, a karya, a kama hanya. Awa uku na farkon yini sun fi duk sauran albarka.

Idan kuna son ganin baƙin zakaran tudu, wanda ake kira black grouse, dole ku isa da duku-duku. Mazan sukan taru a fili ɗaya kowace safiya, shekara da shekaru, su buɗe wutsiya mai lanƙwasa biyu, farin gashin ƙarƙashinta ya fito fes, jan naman da ke kan idonsu ya kumbura, su riƙa zagaya juna suna wata guɗa mai kama da ta kurciya amma ba tsayawa, suna haɗawa da huci. Matan, masu launin ƙasa, sukan zo gefe su duba su zaɓa. Abin kallo ne da ba a mantawa, kuma abu ne mai saurin lalacewa. Ƙa'idar ita ce a kalla daga cikin mota: a tsaya nesa inda ba a tare hanya ba, a kashe inji da fitila, a sauke gilashi a hankali, ba mai fita, ba mai buga ƙofa, ba a tashi sai sun watse da kansu. Idan aka tashe su, safiyar ta tafi a banza, kuma kwanakin barbararsu ƙidayayyu ne. Ban faɗi wurin da suke taruwa ba da gangan. Tambayi masu kula da gandun ko 'yan ƙungiya, su ne suka san wanda ake iya gani daga titi.

Akwai ɗan'uwansa babba, capercaillie, da ke dazukan Strathspey can arewa. Ƙidayar 2021 zuwa 2022 ta nuna kusan 542 ne suka rage a duk Sukotland. Kada ka kai mutane nemansa a wannan lokaci ko da wani ya yi maka tayin nuna wuri. Takura masa lokacin haihuwa laifi ne a doka.

Tsayawa ta farko: gonakin kiwo

Tun kafin ku kai Invermark, tsaya a wuri mai faɗi inda filayen tumaki suka haɗu da tudu. Ka ce kowa ya yi shiru minti biyar, madubi a rataye, kunne kawai. Mutane za su ji abin kamar ɓata lokaci. Ka dage, don a nan ne za su fara gane cewa kunne ke gano tsuntsu kafin ido.

Abin da zai fara zuwa shi ne kukan curlew. Yana farawa a hankali, ya yi ta hawa, ya ƙare da ɓulɓula mai tsawo yayin da tsuntsun ke saukowa da fikafikai a buɗe. Babba ne, launin ƙasa, dogayen ƙafafu, baki dogo mai lanƙwasa ƙasa. Ka tsaya a kansa ka yi wa jama'a bayani, don ya cancanta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu haihuwa a duniya a Birtaniya suke, amma a Sukotland sun ragu da fiye da rabi tun tsakiyar shekarun 1990. A ƙasa yake sheƙa, ƙwai huɗu, kwanci kusan mako huɗu. Idan mutum ya ratsa filin, uwar ta tashi, hankaka na gefe yana kallo, kafin ta dawo an sha ƙwan. Shi ya sa ba a sauka daga hanya.

Kusa da shi za ku ga lapwing, dangin zakaran ƙeƙuwa na fadamun gida, mai siririn tukku a ƙeya, yana wulƙitawa a sama kamar zai faɗo sannan ya miƙe. Ga oystercatcher baƙi da fari mai jan baki kamar karas, ba ya rufe baki. Idan kun ji wata ƙara mai rawa daga sama kamar kukan ɗan akuya, ku ɗaga kai: snipe ne, kuma ba da baki yake yi ba, gashin gefen wutsiyarsa ne iska ke kaɗawa idan ya sulalo.

Yadda ake nuna wa mutum tsuntsu

Koya musu wannan tun a tsayawar farko, in ba haka ba za a yini ana "ga shi can, ga shi can" ba wanda ya gani. Ba a miƙa hannu da sauri, ba a ɗaga murya. Mai gani ya fara da abin da kowa zai gane, ya matso da su a hankali: "Kun ga katangar dutsen can? Ku bi ta hagu har ƙofar ƙarfe. Turke na uku bayan ƙofar, yana kai." A bishiya a yi amfani da fuskar agogo, a ce yana ƙarfe biyu, a bakin reshe. A sama a ce yana saman tsauni ko ƙasansa, yana tafiya dama ko hagu. Shi kuma mai nema ya kafa ido a kan wurin, ya ɗago madubi zuwa idonsa ba tare da ya sunkuya ba. Sabon shiga yakan kalli madubin a hannu, kafin ya ɗago ya ɓatar da wurin. Idan an saita babban madubi, kowa ya leƙa na daƙiƙa kaɗan ya ba na baya, sai an zagaya sannan a koma kallon ƙoshi. Wanda bai taɓa gani ba shi ne farko.

Kurmi da bakin ruwa

Daga wurin ajiye motoci ku taka a hankali. Kilomita ɗaya a awa ɗaya ba jinkiri ba ne a nan. Cikin bishiyoyi za ku ji wata siririyar waƙa mai gangarowa, ta willow warbler, ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram goma ba, amma ya tsallako Sahara. Ku nemi redstart, namijin mai baƙar fuska da farin goshi da jar wutsiya mai kaɗawa. Wannan a yankin Sahel yake yin watannin sanyi, cikin ƙayoyi da bagaruwa irin na ƙasar Hausa. Haka tsattsewar da ke haƙa rami a gaɓar kogi, sand martin: lokacin farin da aka yi a Sahel a ƙarshen shekarun 1960, da kuma na 1983 zuwa 1984, adadinta ya faɗi warwas a Birtaniya. Wato ruwan da bai sauka a Nguru da bakin tabkin Chadi ba, an ga alamarsa a gaɓar kogunan Sukotland. Duk lokacin da na kai ga wannan bayani nakan ga fuskokin mutanenmu sun canza, sun ƙara ɗaga madubi.

A kan gada ku tsaya ku duba duwatsun tsakiyar ruwa. Inda kuka ga farin kashi a kan dutse, ku jira. Dipper zai zo, ɗan dunƙulalle mai launin ƙasa da farin ƙirji, yana durƙusawa yana miƙewa, sai kawai ya shige cikin ruwan sanyin nan ya riƙa tafiya a ƙasa yana juya tsakuwa, ya fito da tsutsa a baki. Idan kun ga ya cika baki ya ƙi haɗiyewa, yana kallonku, 'ya'ya gare shi a ƙarƙashin gadar, ku matsa. A bakin Loch Lee ku nemi common sandpiper mai kaɗa gindi, shi ma baƙon Afirka ne.

Kukan cuckoo kuwa ba sai an nuna wa kowa ba, sunansa yake kira. Kamar yadda zuwan shamuwa ke gaya wa manomi damina ta ƙarato, haka kukansa yake ga mutanen nan. Tun 2011 cibiyar binciken tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, take liƙa wa wasunsu na'urar bin sawu, aka gano a dazukan Kwango suke hunturu, su biyo ta Afirka ta Yamma a hanyar dawowa. Macen ba ta gina sheƙa. A tudu ta fi zuba ƙwanta a sheƙar meadow pipit, ɗan tsuntsu mai zane-zane da za ku yi ta gani har ku gaji. Idan kun ga ƙananan tsuntsaye biyu suna bin wani mai dogon wutsiya da duka, yawanci shi ne.

Buɗaɗɗen tudu

Da bishiyoyi sun ƙare, sai gajeren tsiron nan mai duhu da ake kira heather, iya ganinka. Za ku ga tudun kamar an yi masa faci-faci. Ƙuna ce da masu gandun farauta ke yi don tsiron ya yi sabon toho, abincin red grouse, wanda ake buɗe farautarsa ranar 12 ga Agusta. Girmansa ya ɗan fi fakara, ja-ja ne mai duhu, namijin da jan nama a kan ido. Yakan leƙo da kai daga cikin tsiro, ko ya tashi fir da ƙara yana gwalangwaso da murya. A kan katangar dutse ku duba wheatear, wanda idan ya tashi sai ka ga farin gindi. Shi ma yana cikin masu sauka a filayen arewacin Najeriya da Nijar lokacin hunturu. A gangare mai busasshen ganye ku nemi whinchat mai farar gira, tsuntsun da masana suka daɗe suna nazarinsa a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke kusa da Jos.

A gindin duwatsu masu tsini ku zauna, ku ba shi lokaci. Abin nema shi ne ring ouzel, baƙi mai farin jinjirin wata a ƙirji, wanda ke hunturu a tsaunukan Atlas na Maroko. Mai kunya ne, kukansa ƙwaya biyu ko uku ne masu kaɗaici da dutse ke amsawa. Wani zai ce a kunna masa kuka a waya ya fito. Ka hana, da murmushi amma ba sassauci. Namijin zai ɗauka wani namiji ne ya shigo, ya bar ciyar da iyali ya zo faɗa da iska. Haka ɗan jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, ya zauna a jaka.

Ku duba inda kuke zama. Akwai maciji ɗaya tilo na asalin Sukotland, wani irin kububuwa mai zanen zigizag a baya, kuma Glen Esk na da su. Da safe sukan fito shan hantsi a gefen hanya. Ba ya bin mutum. A ba shi hanya, a kalla daga nesa, kada a taɓa shi. Idan ya sari wani, sai asibiti kai tsaye, ba ɗauri, ba tsaga.

Hantsi: lokacin ɗaga kai

Daga wajen ƙarfe goma, idan ƙasa ta ɗumama iska ta fara hawa, manyan masu farauta sukan tashi. Nemi wuri mai kallon dogon layin tsauni, ku juya wa rana baya, ku fito da fulas, ku raba sararin: waɗannan su duba gabas, waɗancan yamma. A bi bakin tsaunin da madubi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, a sake.

Kowa gaggafa yake so ya gani, kuma kusan duk wanda aka fara ihu a kansa buzzard ne. Ga yadda za ka raba su. Buzzard faɗin fikafikansa kamar mita ɗaya da ɗan kai, gajeren wuya, yana yawan kuka kamar kyanwa, yana zama a kan turken waya. Gaggafar zinariya faɗinta ya kai mita biyu, fikafikai dogaye masu yatsu, kai da wutsiya sun fito sosai, ba ta cika kuka ba, kuma tana ratsa iska mai ƙarfi ba tare da ta girgiza ba. Ƙaramarta tana da fari a gindin wutsiya da tsakiyar fiffike. Idan babban hankakan dutse ya taso mata ya zama kamar ɗan tsako a gefenta, to ita ce. Ƙidayar 2015 ta sami ma'aurata 508 a Sukotland, saboda haka ganinta rabo ne. Kada ka yi wa kowa alkawari. Wataƙila ku ga jar shirwa mai wutsiya kamar almakashi, wadda aka fara dawo da ita Sukotland a 1989 bayan an ƙarar da ita, ko hen harrier, namijin fari-toka mai baƙin bakin fiffike, yana shawagi ƙasa-ƙasa. Wannan na ƙarshe ya sha kisa ba bisa ƙa'ida ba a wasu gandayen farauta, abin da ya sa majalisar Sukotland ta yi dokar 2024 da ta wajabta lasisi kafin a yi harbin grouse.

Azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, alƙibla tana kudu maso gabas. Ku zo da ruwan alwala a gora da abin shimfiɗa mai leda a ƙasa, ku yi salla a gefen hanya inda ƙasa ta taka, ba cikin tsiro ba.

Doka da ladabin wuri

Dokar 2003 ta ba kowa a Sukotland 'yancin ratsa yawancin filaye, da sharaɗin ya yi da hankali. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma da halin masu zuwa ake riƙe ta. Afrilu da Mayu lokacin haihuwar tumaki ne: kada a shiga tsakanin tunkiya da ɗanta, kada a ɗauki ɗan da aka ga shi kaɗai, uwar na kusa. Ƙofar da aka samu a rufe a rufe ta, wadda aka samu a buɗe a bar ta. Kare ya fi kyau ya zauna a gida. Ba a hura wuta, don busasshen tsiron tudu kamar fetur yake a wannan lokaci. Idan kun haɗu da makiyayi ko mai kula da gandu, ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Sau da yawa shi zai ce muku ku duba wancan dutsen.

Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta takura wa tsuntsaye irin su gaggafa da hen harrier a sheƙarsu ko kusa da ita. Ba sai ka haddace jerin ba, tsuntsun zai gaya maka. Idan yana zagaya kanku yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ko yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, kun yi kusa. Ku koma ta inda kuka fito, nan take, ko da mai kyamara bai gama ba. Idan wani ya ji rauni ko kun ɓata, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni. Idan kun ga gawar tsuntsu mai farauta ko nama da kuke zargin an sa masa guba, kada ku taɓa, guban na iya shiga ta fata. Ku ɗauki hoto, ku rubuta wurin, ku kira 101.

Hanyar dawowa da abin da ya rage a gida

Ku juyo tun mutane na da sauran ƙarfi, wajen ƙarfe uku. Waɗanda suka bi ta Kirriemuir suna iya tsayawa a Loch of Kinnordy, inda RSPB ke da rumfunan leƙe a bakin ruwa, a zauna a jira osprey, mai kamun kifi da ƙafa, wanda ya ɓace daga Sukotland a farkon ƙarnin da ya wuce, ya dawo da kansa a 1954, kuma yake hunturu a gaɓar Senegal da Gambiya.

Kafin a shiga mota, a karanta littafin da ƙarfi. Duk tsuntsun da ba a tabbatar ba a soke shi, ko da wanda ya gani babba ne a cikinku. A nan kuma ka tuna wa kowa maganar kaska. A gida a tuɓe a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunne, don wasu ba su fi ƙwayar gero ba. A cire da ɗan ƙarfen nan daga gindi, ba matsawa, ba man shafawa, ba ashana. Idan cikin makonni masu zuwa wani jan zobe mai faɗaɗa ya fito a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ga likita a ce masa kaska ta ciji mutum, don cutar Lyme tana jin magani idan an kama ta da wuri. A fata mai duhu zoben ba lallai ya yi ja ba, yana iya fitowa kamar tabon ƙujewa, sai an duba da kyau.

A daren nan mai littafi ya shigar da jerin a manhajar BirdTrack ko eBird, da adadi da wurin kowace tsayawa, don da irin waɗannan bayanai ake gane wanda ke raguwa da wanda ke ƙaruwa. Duk abin da ya shafi sheƙar gaggafa ko hen harrier, ko filin taron baƙin zakara, a ɓoye shi a manhajar, a aika wa mai tattara bayanan tsuntsaye na yankin kai tsaye. Masu sa hoto a WhatsApp da Facebook su kashe alamar wuri kafin su tura, kuma idan an tambaye su ina ne, su ce Angus.